Shekarar da na hana dubiya

Daga Korgom har Hawandawaki an san baƙo bai fita gidana da yunwa. Amma ni ce na kwashe watanni zaune bakin ƙofa ina korar mutane.

Ɗiyata ta fari ce ciwon daji ya kama a mama. Aka yi mata aiki a Yamai, aka ce duk sati uku ta koma a ɗaura mata wani jan ruwa. Tsakanin nan wurina take zama, don mijinta na fama da gona da yara.

Zuwan farko tare muka tafi. Ma'aikaciyar asibitin sai da ta sa safar hannu har biyu kafin ta taɓa kwalbar ruwan. Na ce, "Yarinya, abin da kike tsoron ya taɓa fatarki, shi za ki zuba a jijiyar ɗiyata?"

Ta yi dariya. "Inna, zauna ki ji."

Ta ce a jinin kowa akwai masu gadi, su ke tare cuta. Maganin nan bai san ɓarawo ba, bai san mai gadi ba, duka yake kwantarwa. Sati na biyu bayan ruwan, jiki ba mai tsaro, mura ma sai ta kayar da ɗiyata. Kada mai tari ya matso, kada ta ci kwantai, ruwan sha a tafasa. In zazzaɓi ya zo, a kai ta likita nan take. In ta kwanta da wata cuta za a ɗage ruwa na gaba, ciwon ya samu sarari.

Ban yi lakwal ba, ban san boko ba, amma na yi kiwon kaji. Na san abin da baƙuwar kaza ɗaya ke yi wa akurki.

To, wa zai gaya wa mutanen garinmu haka? A wurinmu wanda bai zo dubiya ba maƙiyi ne. Maƙwabta Musulmi suka zo da kunu, na tare su. Ran Lahadi matan zumunta suka taso daga majami'a su goma sha, za su ɗora mata hannu su yi addu'a. Hannu nawa ke nan? Na ce Allah ba kurma ba ne, su yi daga waje.

"Yau kuma ke ce fasto?" in ji wata.

"Fasto ma jiya a nan ya tsaya."

Mafi wuya yayar marigayi mijina. Ta sauko daga amalanke da ƙwaryar fura, tana tari kamar tsohuwar akuya.

"Matsa in ga ɗiyata."

"Yaya, yi haƙuri, sai tarin nan ya warke."

"Ni? Ni da na yanke mata cibi? Lokacin da aka kawo ki gidan nan ko damun fura ba ki iya ba!"

"Na iya yanzu. Ba za ki shiga ba."

Ta dire ƙwaryar a ƙasa ta juya. Furar kuwa ni na shanye, ita ba ta yi min laifi ba.

Da na shiga ɗaki sai na iske ɗiyata tana kuka, ta ja kallabi ta rufe kanta da gashi ya zube. "Inna, ƙyamata suke yi ko? Ba wanda ke zuwa." Kai! Waje ana zagina, ciki ana kuka, duk a kaina.

Washegari na shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida, nesa da darni. Na ce mai son gaisuwa ya tsaya bayan kara ya ɗaga murya. Suka yi ta guna-guni, amma suka tsaya. Tana gane kowa da muryarsa, tana amsawa ɗaya bayan ɗaya. Matan zumunta suka yi waƙa har awaki suka watse. Yaya dai ba ta dawo ba, sai saƙo: wai in ita Yaya ta mutu kada in je.

Ranar komawa aka ɗibi jini, muka tsaya jira. Ma'aikaciyar ta duba takarda ta ce masu gadin sun farfaɗo, za a ɗaura.

Na ce, "Saura ruwa nawa?"

"Huɗu, Inna."

Huɗu! Sauran wata uku ke nan ina gadin ƙofa. Na ce ta ba ni kujera.