Yatsun Iya Luba

Lubabatu 'yar manoman Hamdara ce. Ta iya maganar hannu tun kafin bakinta ya buɗe, domin yayanta Suma'ila, wanda ya yi renonta, kurma ne tun haihuwa. A shekarar 1951 tabon kuturta ya fito mata a kafaɗa, mijinta ya sallame ta ba tare da wani faɗa ba. Ta tako da ƙafa har Damagaram, ta zauna a Kara-Kara, unguwar da masu irin cutarta ke taruwa.

A can ta tarar da yara kurame ƙanana waɗanda ba su da hanyar cewa suna jin ƙishirwa sai kuka da jifa. Lakwal, wato makarantar boko, ba ta karɓarsu, malamin allo kuwa bai san ta inda zai kama su ba. Sai ta riƙa tara su a inuwar bukkarta da hantsi. Takan ajiye ƙwarya da zangarniyar hatsi da kaza ɗaurarriya, ta nuna abu, ta yi alamarsa, ta maimaita har yaro ya kama. Iyayensu suka sa mata suna Iya Luba.

Labari ya kai cikin Birni, wani baduku mai suna Mai Nasara ya kawo 'yarsa Ramlatu, tana da shekara huɗu. Cikin damina biyu yarinyar da a da sai cizo ta iya faɗin wanda ya doke ta, har tana ba da labarin mafarki. Duk duniya ba ta da abokin hira sai a wannan inuwa, kuma Lubabatu ta san haka.

Amma cutar ba ta tsaya ba. Ƙwayoyin likita sun zo a makare, yatsun Lubabatu suka lanƙwashe, wasu suka guntule. Alamar ruwa, wadda ke son yatsu biyar, ta koma yinta da uku. Yaran kuwa ba su taɓa ganin wani malami ba, sai suka ɗauka haka maganar take, suka riƙa naɗe lafiyayyun yatsunsu daidai da nata. In ta miƙe wa ɗaya yatsu, 'yan uwansa su yi masa dariya su mayar masa yadda yake.

A watan da ƙasa ta sami 'yancin kai, Ramlatu ta roƙi ruwa a wani gidan suna da yatsu naɗe, mata suka dare. Washegari uban ya zo da ita, ya tsaya nesa da tabarma.

"Iya Luba, surukata ta ce yarinya ta kamu."

Lubabatu ta yi wa Ramlatu alama, ita kuwa ta ware hannuwa biyu.

"Ga su nan goma, Malam, ƙirga. Da na ɗauki ko ɗaya, ai da ka gan shi a hannuna."

Bai yi dariya ba. "Na gani, Iya. Ni ban ce ta kamu ba. Amma tun jiya ba wadda ta taka ƙofar uwarta, tulunmu ma an ware shi a bakin rijiya. Zan kai ta Mirriya wurin gwaggonta."

"Wa zai yi mata magana a can?"

Ya sunkuyar da kai. "Gwaggon ta ce in ta ga hannun ya motsa za ta ɗaure shi."

Lubabatu ta roƙi mako guda domin ta gyara mata alamun, ya ce iyakar abin da zai iya sai zuwa azahar. Ta zaunar da yarinyar a gabanta, tana tura mata yatsu da dungun hannu, ɗaya bayan ɗaya. Ramlatu ta ɗauka sabon wasa ne, da an miƙe ta naɗe tana ƙyalƙyala dariya. Ko alama uku ba su gyara ba aka kira salla.

Uban ya saɓa ta a kafaɗa. Da suka kai bakin hanya, yarinyar ta waiwayo ta ɗaga hannu tana tambaya, gobe? Lubabatu ba ta taɓa yi wa yaro ƙarya da hannu ba, gaskiyar kuma ta fi ƙarfinta. Sai ta cusa hannuwanta cikin zane, ta tsaya haka har suka ɓace.