Inna Bunruean, Mai Ara wa Fim Baki

Kowace safiya Inna Bunruean takan sha ruwan ɗumi da zuma da lemun tsami, ba ta ce wa kowa uffan sai rana ta ɗaga. Ba fushi ba ne, tattalin murya take yi. Da yamma ita da mijinta, Kawu Sangwian mai juya majigi, sukan kafa farin ƙyalle a filin kasuwa. Shi ya kashe Turancin fim, ita ta ɗauki makirufo tana magana da yarenmu a madadin kowa: sarki, yarinya, har mage. In waƙa ta zo sai ta yi shiru, ya buɗe sautin fim. Haka ƙa'idar sana'ar take.

Fim ɗin da garinmu ya fi so shi ne tsohon nan na Amurka mai waƙoƙi, labarin wani marubucin tatsuniyoyi da yara ke bi duk inda ya sa ƙafa. Ɗalibaina da yawa a bakinta suka fara son labari, tun ba su iya karatu ba.

Bara, Thongbai mai sayar da taliya ta yi wa Kakan Gari, iskan da ke tsaron garinmu, alkawari: in mijinta ya tashi daga ciwo, za ta sa a nuna wa Kakan wannan fim. Ya tashi. Kowa kuma ya sani, fim ɗin alkawari in bai kai ƙarshe ba, alkawarin bai cika ba.

A daren da aka nuna fim ɗin, ana shiga waƙar ƙarshe sai sautin tsohon faifan ya mutu. Jarumin na ta buɗe baki, ba a jin komai. Thongbai ta riƙe hannun mijinta.

Inna ta rufe makirufo da tafin hannu. "Tsoho, gyara mana."

"Ya ruɓe, tsohuwa. Sai dai ki rera."

"Ni? Ba kai ka ce waƙata kamar kwaɗo a tulu ba?"

"Na faɗa, ban kuma janye ba. Amma Kaka ba ya zaɓen murya."

Ta rera. Ba ta san Turancin ba, sai ta ɗora namu kalmomin a kan amon waƙar da ta haddace, tana bin leɓen jarumin. Murya ta tsage, aka yi dariya, ba ta tsaya ba. Masu dariyar ne suka kama mata amshi har fim ya ƙare. Thongbai ta haɗa hannuwa ta gaishe da Kaka, sannan ta juyo ta durƙusa a gaban Inna.

Inna, ke ce bakin masu baƙon harshe. Kin tsufa a bayan majigi, inda haske ba ya kaiwa, yara na tafa wa jarumi alhali ke suke ji. Bana kin ajiye makirufo. Mun gode, mu da muka zauna a tabarma da 'ya'yanmu.

Masu tasowa, ku dube ta: aikin da aka damƙa muku, ku kai shi ƙarshe, ko da muryar da kuke jin kunyarta ce. Kawu Sangwian dai har yau in an tuna masa, cewa yake, "Kwaɗon nan nawa ne."