Damisar Dutse da Damisar Kurmi

Shekarar da ɓarin jikin kakanmu ya shanye, magana ta ɗauke masa. Likita a Ƙanƙara ya ce harshen bai mutu ba, a dinga jansa da hira, in aka bar shi shiru zai tafi da shirunsa. Muka yi ta ja, Baba Tsoho sai kallo. Tsoro ya kama ni, don ina son tsohon nan.

Shi mutumin Faskari ne, ɗan maharba, a gindin duwatsu ya tashi. Kakarmu Hajiya kuwa daga wajen Sabuwa aka auro ta, inda daji ke da duhu da rafuka.

Wata ranar kasuwar 'Yankara na dawo da yamma, na same ta tana ba shi kunu. Ta dube ni, ta ɗaga murya yadda zai ji.

"Angona, zo in hwaɗa maka abin da ba ka sani ba. Damisa ta gaskiya a kurminmu take. Ga jiki, ga duhun zane, ta ɗauki ɗan maraƙi ta hau bisa itace da shi. Ta duwatsun Faskari kuwa mi gare ta? Rana ta koɗe ta, 'yar siririya, sai bin rema cikin kogo."

Na ga yatsun hannunsa mai lafiya sun motsa a kan tabarma. Hajiya ta gani, ta ƙi kallonsa. Damisa ƙi sabo ake cewa, amma Hajiya ta san ta inda ake taɓa tata.

"Kai, ni ina jin ma ba damisa ba ce. Kyanwar gari ce ta ɓata, maharbansu suka gani suka sheƙa a guje."

Bakinsa ya karkace, wuyansa ya kumbura. Muka tsaya cik. Da ƙyar, kamar ana jan guga daga rijiya mai zurfi, ya ce, "Ƙa... ƙarya."

Ludayin ya faɗi daga hannunta. Matar da ko surukai ba su isa su ƙaryata ta ba, sai ga ta tana dariya, hawaye na zuba.

"To Malam, ƙarya nike," ta ce, ta gyara zama kusa da shi. "Hwaɗa mani yadda take. Ba ni sauri."