Yayata ba ta yarda da gwiwa mai ƙyalli

Tun muna yara yayata ba ta yarda da maganar kowa. In ka ce ka wanke hannu, sai ta kamo shi ta shinshina. A gida Sai-na-gani muke ce mata, kuma sunan ya bi ta har wurin aiki. Ɗinki ta so yi, karatu ya kai ta ga ƙera ƙafar roba, daga nan ta maƙale wa abu ɗaya: gwiwar yara. Ta ce babba in ka auna shi ka huta, amma yaro kafin ka juya ya ƙara tsawo. Shi ya sa take sa sandar ƙarfe mai huji-huji a ƙarƙashin gwiwar, yaro na girma ana kwance noti ana ƙara mata tsayi.

Shagona yana jikin ɗakin aikinta, don haka nakan leƙa in sha kallo. Wurin warin gam yake, ga ƙananan ƙafafu jere a kan kanta, kowace da takalminta guda. In aka dawo da yaro gwaji, yayata ba ta tambayar iyaye komai. Ƙafar take juyawa ta duba inda ta ƙuje. Wadda ta dawo tana ƙyalli, to a wurinta an yi mata ƙarya.

Haka wani direba ya kawo 'yarsa, ƙafar fes kamar ranar da aka ba su.

"Kullum tana sawa, Malama," in ji shi.

"A kan katifa take tafiya?"

Ta gaya masa gaskiya ba kwana-kwana. Yarinyar ta fara sabawa da tsalle a ƙafa ɗaya, ƙugunta ya soma karkacewa. In ta girma a haka, ko wace irin gwiwa aka ba ta ba za ta miƙe daidai ba. Bayan sun fita ta jero min waɗanda take zargi: uwa mai tsoron a lalata kaya, kaka mai ɓoyewa a akwati, malamin makaranta, har 'yan aji. Na ce, "Yaya, saura ni kawai ba ki sa ba." Ta ce tana tunani a kaina.

Da suka dawo, ƙafar ta sha karce. Ni har na yi murna. Yayata ta kai ta bakin taga, ta daɗe tana dubawa, ta kifa takalmin.

"Malam, karcen nan duk gefe ɗaya ya nufa, kuma ƙasan takalmi sabo ne. Da dutse ka yi ko da wuƙa?"

Bawan Allah ya sunkuyar da kai. Ya ce tsoro ya ji kada ta ce sun raina aikinta ta karɓe. Tausayinsa ya kama ni, amma ita ko a jikinta. Ta ce ya jira a waje, ta mayar wa yarinyar ƙafar ta ɗaure, ta zauna daɓas a ƙasa don ta yi daidai da yarinyar.

"'Yata, zo ki zauna kusa da ni. Wa yake hana ki sawa?"

Yarinyar ta matso da ƙafar a jikinta. Ta yi ƙoƙarin zama, gwiwar ta lanƙwasa rabi ta tsaya cak. Sai ta sa hannu ta kwance maɗaurin, ta jingine ƙafar a bango, ta zauna ta naɗe ɗayar.

"Ba kowa, Anti. Ƙawayena a ƙasa suke wasa. In na sa ta, ni kaɗai nake tsaye."

Yayata ta jawo ƙafar ta gwada naɗe gwiwar da hannu, ta ƙi wuce rabi. Duk gwajin da take yi wa gwiwoyinta na tafiya ne da hawa bene da zama a kujera. Ta zargi gari guda, ba ta taɓa zargin abin da hannunta ya ƙera ba.

Ta kulle kanta a ɗakin aiki tana zane tana yagawa, har ta fitar da gwiwa mai naɗewa gaba ɗaya. Tun daga lokacin ta fitar da kujerar gwaji waje, ta shimfiɗa tabarma, kowane yaro sai ya zauna ya tashi a gabanta kafin ya tafi da ƙafa.

Halinta dai bai canja ba. Da direban ya sake kawo yarinyar, murfin gwiwar ya cinye, yashi ya cika ta tana ƙara. Yayata ta harare shi, ta kifa takalmin. Dunduniyar ta huje. Ta daɗe riƙe da shi, sannan ta ce min in fita, wai na tsare mata haske.