Ranar da Aka Kira Mu Ɓarayin Karatu

A shekararmu ta ƙarshe a jami'a a Maradi aka ba mu mabuɗin shiga wata taskar bincike ta intanet, inda injiniyoyin duniya ke ajiye rubuce-rubucensu. Ni a kan famfunan ban ruwa na Jiratawa nake rubuta kundina, kuma saura babi ɗaya in kare shi gaban malamai kafin damina.

Sai ƙasa ta rikice, aka rufe iyaka, wuta ta koma baƙuwa. Idan ta zo da hantsi, kafin azahar ta yi sallama.

Shugaban ajinmu, wani ɗan Tsibiri mai bakin tsiya, ya ce, “Ku ɗiyan manoma ne ko mi? Wa ke barin hatsi a gona don ya ga rana ta yi kyau?”

Muka ga gaskiyarsa. Da wuta ta dawo muka cika ɗakin kwamfuta, kowa na sauke takardu ba ji ba gani. Ba mai karanta ko da take. Ni ban ma nemi na famfo ba tukuna, a ganina duk suna cikin tulin.

Washegari taskar ta ƙi buɗuwa. Malaminmu ya shigo, fuska ba annuri.

“Masu taskar sun rufe wa jami'ar ƙofa gaba ɗaya,” in ji shi. “Na'urarsu ta ga yawan abin da aka sauke, ta ce sata aka yi.”

Sata? Mu da aka miƙa wa mabuɗi da hannu biyu?

“Malam, ba su san ana ɗauke muna wuta ba?” na tambaya.

“Can ƙasarsu ba a ɗauke ta, ina za su sani?”

Har yau abin na ci mini rai. Na koma ɗakina a Sabon Gari na buɗe abin da na tara: fukafukan jirgin sama, gadojin ƙasashen ƙanƙara, lissafin tauraron ɗan Adam. Ko takarda ɗaya babu a kan famfo. Malam ya ce babi ba madogara ba ya wucewa, sai baɗi.

Da na je gida, na tarar da Baba a fadama yana jan ruwa zuwa kunyar albasa. Na faɗa masa komai. Bai tambayi zancen baɗi ba. Ya jingina fartanya, ya rage murya don kada maƙwabcin gona ya ji.

“Kai, gaya mini tsakaninka da Allah. Ka ɗauki abin mutane?”