Tabon Baba da Na Ɗora wa Gunkin Yaƙi

A shekarun da zan ba ku labari, ni mai rubutun allon shago ne a unguwar Kwararafa. Ina da ɗan ɗaki cike da gwangwanayen fenti, da girman kan da ya fi ɗakin faɗi. Da safe in rubuta wa teloli da masu kemis sunayen shagunansu, da rana in ture allunan gefe in buɗe littafina, domin a wurina ni gwanin zanen labari ne da duniya ta yi jinkirin ganowa. Ina zaune da mahaifiyata a Dutse Uku, mu biyu rak tun rasuwar mahaifina. Ba ni da abokan hira sosai, fensir ya ishe ni, ko kuma haka nake gaya wa kaina.

Mutum ɗaya ne yake shiga gidanmu kamar nasa, wani dattijon kafinta Kirista, ɗan asalin tudun nan, wanda rumfarsa ta yi shekara da shekaru tana jingine da ta mahaifina a Nasarawa Gwom. Baba muke ce masa. Bayan rigingimun da suka raba garin nan, kowa ya tattara ya koma unguwar masu addininsa, mutane da yawa suka daina tsallakowa, shi bai daina ba. Duk Asabar zai zo da ƙunshin dankalin turawa daga gonarsa, ya zauna a kujerar katakon da shi ya ƙera wa mahaifina, Mama ta dama masa kunu su yi ta hirar mutanen da suka riga mu gidan gaskiya. Yana da tabo daga gefen gira har ƙasan kunne. Tun da ranar wanka ba a ɓoyon cibi, bari in faɗa tun yanzu cewa na san tarihin tabon nan. Ya same shi ne ranar da ya rako mahaifina gida, a lokacin da rakiya irin wannan take iya cin ran mutum.

Labarin da nake zanawa na wani gunkin yaƙi ne na zamanin jahiliyya, wanda aka binne a ƙarƙashin duwatsu, da zarar an zubar da jini sai ya farka ya shiga tsakanin 'yan'uwa. Komai ya zauna, fuskar mugun ce ta gagare ni. Na yi masa ƙaho, na yi masa fiƙa, kullum sai ya fito kamar bunsuru mai ciwon haƙori. Wata Asabar ina zaune a tsakar gida, rana ta haska gefen fuskar Baba yana shan kunu, sai murna ta kama ni, na ce ga abin da nake nema. Na roƙe shi ya bari in zana shi. Ya yi dariya ya ce shi da wannan fuska tasa da ta sha duniya. Mako na gaba sai ga shi da rigarsa ta zuwa coci, an goge ta tsaf. Asabar uku ya zauna mini ko motsi ba ya yi, yana tambayata ko jikokinsa za su gane shi a littafi. Na ce masa tabbas za su gane shi. Ban gaya masa gurbin da na tanadar masa ba, shi ma bai tambaya ba, don bai taɓa zaton akwai abin tambaya ba.

Na ƙara wa zanen jajayen idanu da sarƙar haƙora a wuya, amma tabon da manyan kunnuwan da wushiryar duk na bar su yadda Allah ya yi su. Aka buga littafin a wata ƙaramar maɗaba'a, 'yan makaranta suka yi rububinsa, ni kuwa sai tafiya nake ina ɗaga kafaɗa. Ba a yi wata guda ba yaran layinmu suka fara bin Baba a baya suna tafi suna cewa ga Gunki Mai Tabo ya farka. Daga nan wasu samari da ke zaman bakin titi suka tare shi suna tambayarsa abin da yake kawo shi unguwar nan kullum. A layin da ya yi shekaru yana bi ana gaishe shi. Mama ta ji labari, ta sa na kawo mata littafin, ta buɗe shafi biyu ta rufe. Ba ta yi faɗa ba. Tambayata kawai ta yi ko na manta wanda ya dawo mata da mijinta da ransa. Ranar a ɗakinta ta ci abincinta.

Asabar ta zo Baba bai zo ba, ta biyu ma haka. A ta uku na shirya uzurina, cewa ai zane ne, wasan yara ne, na tafi Nasarawa Gwom. Na same shi yana goge katako. Ya amsa gaisuwata yana ce mini ɗana kamar kullum, sannan ya buɗe akwatin kayan aikinsa ya ciro littafin. Jikarsa ce ta kawo shi daga makaranta tana kuka, don ta gane kakanta kamar yadda na yi alkawari. Ya ce hannuna yana da kyau, Allah ya ba ni baiwa, sai dai ban san mugun da nake zanawa ba. Shi ya ga mai tayar da yaƙi da idonsa, kuma ba shi da tabo ko na ƙurji. Kayansa fes, maganarsa da laushi, yana ƙamshin turare, yana miƙa hannu a unguwar nan ya miƙa a waccan, kafin hayaƙi ya tashi ya yi nisa. Tabo kuwa, in ji shi, a jikin waɗanda ya bi ta kansu ake samunsa. Ya ce bai riƙe ni a zuciya ba, amma ƙafarsa ta gaji da doguwar hanya, in gaishe masa da Mama. Ya sa mini albarka ya koma kan katakonsa. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi, haka na juyo gida da uzurina.

Bai ƙara taka gidanmu ba. Daga baya ɗansa ya ɗauke shi zuwa ƙauye, kuma sai bayan an binne shi da kwanaki labarin rasuwarsa ya iso mana. Na ƙone ragowar littattafan da ke hannuna, amma zane ma zarar bunu ne, wanda ya fita ya fita. Na sake zana gunkin yadda Baba ya siffanta shi, fuska sumul da murmushi. Mai maɗaba'a ya duba ya ce wannan ai ba ya ba da tsoro, ba yaron da zai saya. Yana nan a ƙasan akwatina. Yanzu gidan ya yi mana girma ni da Mama, magana tsakaninmu ba ta wuce ta cefane da gaisuwa. Duk Asabar takan share kujerar nan ko da ba ƙura a kanta. Da Babbar Sallah har yau tana ware cinyar da ta saba aika masa, ta tsaya jim da ita a hannu, sannan ta ba makwabta. Ina kewarsa, kuma ba ni da bakin faɗa a gabanta.

Abin da na koya shi ne, gwaninta in ba ta da kunya ɓarna ce. Ina jan kunnen duk mai zane da mai rubutu, musamman a gari irin namu da har yanzu miki bai gama warkewa ba, in za ku yi wa mugunta fuska ku dubi inda kuka aro ta. Kada ku ɗauki ta makwabci, kada ku ɗauki ta wata ƙabila ko wani addini, domin yara ba su san iyakar takarda ba, har titi za su bi mutum da ita. Da na sani ƙeya ce. Ni dai har gobe in na ɗauki fensir zan zana mugu, hannuna da kansa yake nufar gefen gira, sai in ajiye fensirin in koma rubutun allon shago.