Mai Agogo a Bayan Kujerata

Ƙarfe bakwai da rabi take shigowa asibitinmu, amma ba ta wucewa ofishinta. Sai ta tsaya bayan kujerata a tagar kati, agogo a hannu, tana ƙirga daƙiƙun da kwamfuta ke ɗauka kafin ta fito da fayil ɗin majiyyaci. Shi ya sa muke ce mata Mai Agogo. Ita ke kula da manhajar da ke kai tambayoyinmu rumbun bayanai, kuma ƙarshen makon nan za ta yi ritaya. Tun da na ji, wallahi na kasa zama wuri ɗaya.

Shekara shida da suka wuce, layin tagata har bakin ƙofa yake kaiwa. In buga lamba, in zuba wa allo ido, marasa lafiya su zuba mini nasu. Wata tsohuwa ta taɓa leƙowa ta ce, "Ɗan nan, barci kake?" Shugaban sashe ya miƙo mini takardar gargaɗi: wata ɗaya, ko layi ya ragu ko in kama gabana.

Ita kuwa ta zo ta tsaya da agogonta kwana uku.

"Ƙanena, ba hannunka ba ne," in ji ta. "Kati ɗaya tambaya arba'in ne, kuma kowace tambaya sai manhajar ta rubuto ta sabuwa. Rumbun sai ya karanta, ya tsara hanyar nema, sannan ya nemo. Tambayoyin jiya ne fa, lamba kawai ta canza!"

"To mene ne abin yi, Yaya?"

"Mu shirya kowace sau ɗaya, mu bar gurbin lamba, kamar fom ɗin gabanka. Rumbun ya tsara hanyarsa ya riƙe, mu riƙa aika masa lamba kawai."

Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, mako biyu cur. Layi ya dawo bai cika benci ba. Shugaba ya janye takardarsa, har ya yaba mini da saurin hannu a taron ma'aikata. Aka tafa. Tana can baya, ita ma tana tafi. Ni kuma na karɓe yabon kamar nawa ne. Abin nan yana cina har yau.

Yaya, ke ce kika auna kafin ki zargi kowa. Ke ce kika bar mini abincin 'ya'yana, ba ki taɓa ko ɗaga maganar ba.

Masu zuwa bayanta, don Allah ku sauko ku tsaya bayan kujerar mutum kafin ku rubuta masa takarda.

Yaya, na gode. Tafin nan naki ne. Shekara shida yana hannuna, ga shi na dawo miki da shi.